Ba Inda Ya Ɗiga Ba

Daren Laraba a Astoriya,
sama ta kwance bakin jaka tun magariba.
Ina kwance a motar da Baba ya bar mini,
gida mai taya shida,
sai ɗis,
a goshina.
Sai ɗis kuma.

Na tara tukunyar shayi,
na kwana ina ƙirga abin da ba ya ƙirguwa.

Da rana ta leƙo, Loren ta makwanci na tara
ta riƙe mini tsani,
sigari a leɓenta, ba wuta,
shekara uku ke nan da ta daina.
Ta ce, kashe lantarki tukuna, yarinya,
ki shimfiɗa katako, rufin nan ba ƙasa ba ne.
Shekarata arba'in da huɗu.
Na ce to.

Ga esin can tsakiyar rufi,
ya yi zaman kunkuru.
Na kwance masa ƙoƙon baya:
ruɓaɓɓen ganye, gashin tsuntsun teku,
ramukan da yake zubar da gumi
duk sun toshe.
Na tsokane su da guntuwar waya,
baƙin ruwa ya gangara ta gefen taga.
Loren ta ce, madalla,
amma ba a nan gizo ke saƙar ba.
Ruwa ɓarawo ne, in ji ta,
inda ya ɗiga daban, inda ya shiga daban.

Kewaye da gindin esin ga aikin Baba:
farin gam a kan mai ruwan toka,
mai ruwan toka a kan baƙi,
kowace shekara da nata hawan.
Har ga shatin babban yatsansa
inda ya danna ya tafi.
Malam Tanimu,
shekara talatin a kan sitiyarin tirela,
in abu ya tsage ba ya buɗawa,
shafewa yake yi.
Haka ya yi wa rufi.
Haka ya yi wa tarin
da ya ce mana mura ce.

Na kankare da wuƙar roba,
hawa bayan hawa,
har farce ya yi mini tsami.
Shatin yatsan na bari sai ƙarshe,
na yanke kewayensa,
na sa a aljihu.

Daga ciki, ƙarƙashin murfin silin,
dogayen noti huɗu.
Biyu na juya da yatsa kawai.
Kodi, jikan Loren, ya hau ya kama mini,
muka ɗaga, ya kusa buhun siminti,
muka kwantar da shi a kan katako.
Robar da ke tsakaninsa da rufi
ta lotse kamar tsohon silifa,
tsaga guda a kusurwa,
ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba.
Ita ke nan.
Ita ce duk tulin gam ɗin bai taɓa gani ba.

Tsumma da sifirit.
Jira ya bushe.
Sabuwar roba, mai kauri, mai ƙamshin shago.

Sai ɗauri: wannan kusurwa, sai mai kallonta,
kaɗan-kaɗan, a sake zagayowa.
Loren ta leƙo ta ƙofa:
in robar ta koma rabi, ki tsaya.
Abin da kika matse har ya rasa numfashi
ba zai tare miki ruwa ba.

Kodi ya saki tiyo a rufi minti ashirin.
Ni ina rigingine da tocila,
ina bin silin da ido.
Shiru.

Da dare hadari ya dawo daga teku.
Tukunyar ta koma kan murhu, aikinta na gado.
Ruwa na ta kiɗa a sama,
ko ɗigo bai sauko ba,
ni kuma barci ya ƙi.
Na laluba aljihu,
na sa yatsana a cikin nasa.
Ya yi mini yawa.